Mai Hoto Ba Shi da Hoto

Shafi na 23

Masu cewa kwana biyu shiru, na ji ku. Wannan wurin ne ya yi min nauyi, sau uku ina farawa ina gogewa. Ga shi yadda na iya tuna shi.

Saura kwana uku a cika kwana arba'in da tara da rasuwar mijinta, Tokuo Kumagai mai hoto, Fusae ta sauka daga jirgin ƙasa a Sendai, kyamararsa ƙulle cikin ƙyalle kamar mai kai wa marar lafiya abinci asibiti.

Wayar Yaya Shigeko ce ta hana ta zama. Yayar mijin nata ta bugo tun da safe ta ce ranar Lahadi za a kai ƙasusuwansa da suka rage bayan ƙona gawa kabari, a rataye hotonsa a jeren magabata kusa da na Baba da na Inna, har an buga ƙusa. Ita dai ba za ta yarda a rataye abin da aka yi jana'iza da shi ba, wancan da aka yanko daga hoton ƙungiyar 'yan kasuwa, kunne ɗaya da rabin kumatu a bayan kafaɗar mai kifi.

"Shekara arba'in kina kwana ɗaki ɗaya da mai hoto, ki ce ba ki da hotonsa ko ɗaya? Ke ko kunya ba ki ji?"

Tsofaffin hotuna sun tafi shekarar da teku ta shigo gari, har da na bikinsu. Tun daga nan Tokuo bai ƙara tsayawa gaban kyamara ba, wanzami ba ya son jarfa. Rabin gidajen garin, in ka ɗaga kai sama da wurin magabata, hoton da ke kallonka shi ya ɗauka. Tsofaffi da ƙafarsu suke zuwa, su sa kayansu masu kyau, ya ɗauke su tun suna da sauran haƙora, a ajiye har ranar da za a nema. Nasa ne babu.

Abin da ba ta gaya wa Yaya Shigeko ba shi ne fuskar ta fara ɓace mata. Tana tuna hannayensa. Tana tuna tarinsa a kan matattakala. In ta nemi fuskar sai ta watse kamar inuwa a ruwan da aka taɓa.

Shagon kyamarori na Oikawa, inda Tokuo yake zuwa duk Asabar, a hawa na uku yake, bayan tasha. Matattakalar ƙunci gare ta, ga duhu, sau biyu tana tsayawa ta dafa bango. Mutum ɗaya ta tarar a ciki, gajere mai sanƙo, yana hura wa gilashin kyamara iska da 'yar roba. Nan take ta gane shi. Shi ne wanda ya zo jana'iza ya tsaya can baya, ya sunkuya har ya wuce ƙa'ida, ya sa turare ya fice ko shayi bai sha ba.

Shi kuwa ƙyallen ya fara ganewa.

"Matar Kumagai-san ce."

"Ni ce. Kai ne Oikawa-san da ya cinye min Asabar goma sha biyu."

Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama. Ya ce bari ya haɗa shayi, ta ce ba shayi ya kawo ta ba. Ta ɗora ƙullin a kan teburin gilashi, ta zazzage masa duk abin da ta bita a cikin jirgi. Ta ce mijinta mutum ne da sai safarsa ta huje sau uku kafin ya yarda a sayo wata. Haka kawai, a shekara saba'in da ɗaya, ya ɗauki tashar Sendai kamar gidan uwarsa. Wannan satin ya dawo da kyamara baƙa, sati na gaba ya mayar ya ɗauko wata. Ya sayar da mota. Ya kwashe gilasan kyamara da ya yi shekaru yana tarawa ya kawo nan. In ta yi magana ya kau da kai gefe, ko arzikin kallo ba ta samu. Ta ce ita ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta san idan an samu tsoho ana yi masa romon baka.

Oikawa bai kare kansa ba. Kansa a ƙasa har ta gama.

Da numfashinta ya dawo ta ce, a hankali:

"Ba faɗa na zo ba. Abu ɗaya nake nema. Shago cike da kyamara, mutum ya yi wata uku yana zuwa. Ba wanda ya taɓa ɗaukarsa? Ko da wasa? Ko bisa kuskure?"

Ya ce sau ɗaya ya gwada. Tokuo ya rufe fuska da hula, ya ce in ya ƙara zai koma shagon ƙasa da cinikinsa. Ta nuna 'yar kyamarar tsaro da ke maƙale a kusurwa. Ya girgiza kai, ya ce wannan duk sati take goge kanta.

Shi ke nan. Ta fara gyara ƙullin ƙyallen. Kuɗin jirgi ya tafi a banza, ƙusa kuma tana can tana jira.

"Uwargida," ya ce, "kin san abin da yake zuwa yi nan?"

"Ƙuruciyar tsufa."

Ya daɗe yana shafa sanƙonsa. Sai ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya fito da wani littafin rubutu mai shuɗin bango, irin na 'yan makaranta.

"Ya ce in na gaya miki zai fasa min kai. To yanzu sai dai ya biyo ni cikin mafarki."

Ta buɗe. Rubutun Tokuo ta sani, ƙanana ne kamar jerin tururuwa, har tsokanarsa take yi wai rowar takarda ce. Wannan kuwa da baƙin alƙalami mai kauri aka yi shi, kowane harafi ya kai tafin hannu, kalma uku sun cika shafi, wasu ma sun zarce bakin takardar.

Shafin farko: Shirane, kaifi, amma kurma ce.

Na biyu: Otowa, tana magana, ba kaifi.

Ta ɗago.

"Wannan ba rubutun mijina ba ne."

"Nasa ne. A gabana ya yi shi. Nan yake barinsa don kada ki gani."

Sai ya gaya mata. Ya ce tun bara tsakiyar idon Tokuo ta fara mutuwa, na dama ya fara, na hagu ya biyo. Asibitin da ke bayan wannan layin yake zuwa duk Asabar da safe a yi masa allura a ido, in ya fito sai ya hawo nan ya huta. Likita ya gaya masa gaskiya, allurar ba ta dawo da abin da ya tafi, jinkiri kawai take sayo masa. Motar ma ba don kyamara ya sayar ba. Lasisinsa ya mayar da kansa, ranar da ya kusa taka wata mai keke bai gan ta ba.

Fusae ta nemi kujerar da ta ƙi ɗazu.

"Ƙarya ne. Mutumin da ke zuba wa kansa shayi bai zubar ba?"

"Gefe yana gani. Tsakiyar ce babu. Duk abin da ya kalla kai tsaye, shi ne ke ɓacewa." Ya ɗaga hannu ya rufe tsakiyar fuskarsa da tafi. "Haka nake a wurinsa in ya fuskance ni. In yana son ganina, sai ya kalli wancan agogon."

Agogon yana can gefe, jikin bango.

Ta kalli agogon. Ta kalli Oikawa.

Shekara guda kenan. Shekara guda tana magana yana kallon tukunyar shinkafa. Ta sa sabuwar riga ranar sabuwar shekara, ya kalli labule ya ce ta yi kyau. Har wurin maƙwabciya ta kai ƙara, ta ce tsufa ya sa mijinta ya gaji da fuskarta. Rannan da haushi ya ci ta, ta ce masa in labulen ya fi ta kyau ya aure shi. Ya yi dariya. Ita ko ta kwana uku ba ta dafa masa kifin da yake so ba.

Ashe duk lokacin ita yake kallo.

Rashin sani ya fi dare duhu. Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe littafin da hannu biyu kamar za a ƙwace.

"To kyamarar fa? Makaho da kyamara, me zai yi da ita?"

Oikawa ya ce abin da ya tambaye shi kenan ranar farko. Tsofaffin kyamarorinsa masu madubi a ciki ne, sai ka leƙa da idonka, ka nemo idon mutum da kanka, ka daidaita. Na yanzu ba su da madubi, su ke nemo idon da kansu. Tokuo ya ce yana son wadda za ta zame masa ido, ko ta wane kamfani ce. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana rantsuwa da kamfani ɗaya, yana kiran sauran kayan wasan yara.

Ya buɗe kabad ya jera mata biyu a kan tebur.

Ya ɗaga babbar. Ya ce wannan ce Shirane, ita ce mai tsadar, kuɗinta ya sayi ƙaramar mota. Kaifinta ba a magana, gashin ido za ka ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Amma nauyi gare ta, allonta ba ya ɗagowa, dole ka kafa ta a fuska. In ta kama ido kuma ba ta faɗa, wani ɗan koren zane kawai take yi a tsakiya, daidai inda Tokuo ba ya gani. Shi ya sa ya kira ta kurma.

Ya ɗaga ƙaramar. Wannan Otowa, ko rabin kuɗin waccan ba ta kai ba. Sakayau take, allonta na ɗagowa sama, ka riƙe ta a ƙirji kamar kwanon miya. Tana kama ido ta yi ƙara, ɗil. Ga ɗan makaranta ko mai yawon buɗe ido, ba ta da na biyu a wannan farashin. Amma in ka wanke hoton ya kai girman wanda ake ratayewa, sai fatar mutum ta koma kamar an shafa mata ƙullu. Batirinta kuma ba ya kai azahar.

"Sati uku yana jayayya da ni a kanta. Na ce, Kumagai-san, wa zai lura? Kai kanka ba ka gani. Ya ce shi ba ya gani, amma masu zuwa gaisuwar mutuwa suna gani."

Sai ya nuna ƙullin nata. Ya ce ta uku ita ce wannan, Kazami. Tsaka-tsaki ce a kuɗi. Kaifinta ya kusa na Shirane, allonta na ɗagowa, tana yin ƙarar, in hannu na rawa tana riƙe hoton. Aibinta ɗaya, gilasan Tokuo na dā ba sa shigarta, nata kuma wuta ne. Dole ya bayar da gilasai bakwai ya karɓi guda ɗaya.

"Na ce masa wannan ciniki ba na mai hankali ba ne. Bakwai a kan ɗaya? Ya ce aiki ɗaya ya rage masa, gilashi ɗaya ya ishe shi."

"Wane aiki?"

Oikawa ya yi kamar bai ji ba. Ya hau goge Otowa da ƙyalle, alhali ba ƙura a jikinta.

Ta buɗe shafi na uku. Kazami, tana riga mai taurin kai. Ba ta gane ba, ba ta kuma da ƙarfin tambaya. Ta tambayi wani abu daban, ta ce duk gwajin nan me yake ɗauka.

"Ni mana. Wannan fuskar da matata ma ta gaji da ita."

Ya juyo mata da kwamfutar. Allon ya cika da Oikawa. Oikawa yana murmushi, Oikawa yana hamma, Oikawa ya gaji ya tallafe haɓa. Sun fi ɗari. Da wani lokaci ne da ta yi dariya. Mijinta ya bar wa duniya hoton mai sanƙo ɗari, nasa ko ɗaya babu.

Ya buɗe guda ya nuna mata kaifin Shirane, har ramukan fatar hanci ana gani. Ita ba hancin take kallo ba.

"Mene ne wannan farin a cikin idonka?"

"Hasken taga ne."

"A gefensa fa? Wannan baƙin?"

Ya matso. Ya gyara tabarau. Ya jawo idon ya cika allo, ya ƙara jawowa. A cikin baƙin ƙwayar idon ga shagon nan gaba ɗayansa ya lanƙwashe kamar a bayan cokali. Ga taga. Ga kabad. Ga mutum tsaye a tsakiya.

Fusae ta miƙe ba ta san ta miƙe ba.

Shuɗiyar rigarsa ce. Ga maɓallin da ta ɗinka masa da farin zare ranar da shuɗin ya ƙare, yana ta mita wai ta mai da shi abin kallo. Ga hannayensa. Ga furfurar da ke tashi a tsakiyar kai ba ta kwanciya. A inda fuska za ta kasance, baƙar kyamara ce zaune daram.

"Shirane kenan," Oikawa ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Sai an kafa ta a fuska."

"Ɗayar. Wadda ake riƙewa a ƙirji. Buɗe ɗayar."

Ya buɗe na Otowa, ya jawo idon. Ga mutumin nan, kyamara a ƙirji, kai a ɗage, ba abin da ya tare shi. Ta kai fuskarta har ta kusa taɓa allon.

Ba fuska. Wani dunƙule ne fari-fari kamar awara da aka murƙushe da cokali. Ba ido, ba baki. Ya gwada na biyu, na biyar, na goma sha biyu. Duk haka. Mai kaifin ta rufe shi, mai barinsa a buɗe ba ta da kaifi.

"Ta ukun fa? Ka ce ita ta haɗa duka biyun."

Oikawa ya cire tabarau ya ajiye. Ya nuna wata 'yar tsana da ke zaune saman kabad, da gashin roba da ido na fenti.

"Ranar da Kazami ta iso bayana ke ciwo. Na ce, Kumagai-san, na gaji da zama, ga yarinya can ba ta gajiya." Ya murza ido. "Minti goma ne, Uwargida. Da na zauna minti goma, da yanzu kin tafi da shi a jaka."

Da wane bakin za ta zage shi?

A ƙasa wata motar talla ta wuce tana waƙar magani. Ya zuba shayin da ta ƙi, ya tura gabanta, wannan karon ta riƙe kofin don ɗuminsa.

Can ya tambaye ta ko Tokuo bai ɗauki kowa da ita a gida ba. Ya ce ya san halinsa, duk aikin da ya gama sai ya goge memorin tas, amma ko na ƙarshe.

Fusae ta juya kofin a hannunta.

"Ya ɗauki ɗaya."

"Wa?"

"Safiyar da ya faɗi."

Ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ko Yaya Shigeko. Ta ce tana zaune a teburin kicin tana cire wa wake zare. Ya shigo da kyamarar a ƙirji. Ya zagaya, ya ja labule, ya ce ke, ɗago. Shekara arba'in bai taɓa kiran sunanta ba, ke ne kawai. Ta ɗago. Tana ganin yadda ya tsaya, da yadda ya ja labulen, ta gane irin hoton da yake nufi, ai sau dubu ta ga yana yi wa tsofaffin gari. Ranta ya ɓaci. Mutumin da ya shekara bai kalle ta ba, yau ya tashi yi mata hoton mutuwa.

"Sai na rufe ido."

Ta ci gaba.

"Na ji ya danna. Ya ƙara tsayawa yana jira. Sai ya ce, ke, buɗe idonki mana. Na ce in ya matsu in mutu ya jira, ba yau ba. Na ce ya je ya ɗauki labule." Ta ajiye kofin, shayin ya fantsama. "Har ya ajiye kyamarar ya fita ban buɗe ba. Na ji takunsa a matattakala. Na ji tarinsa. Sai na ji faɗuwar."

Ta kalli Oikawa ido cikin ido.

"Ya aka yi ya san idona a rufe yake, in ba ya gani?"

"Kyamarar ta daina ƙara. In ba ido, ba ta yi."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya mata farashin kifi.

"Aikin da ya rage masa kenan."

"Ya ce ya yi wa rabin gari. Ba zai bari baƙo ya yi wa matarsa ba. Yana gamawa zai rufe shago ya gaya miki komai."

Da kanta ta kwance ƙyallen. Ya ciro memorin ya sa a kwamfuta. Hoto ɗaya ne a ciki.

Ga ta nan. Farar rigar girki, kwanon wake a gaba, haske ya kwanta mata a fuska lumui, ko tamojin wuya bai fito da muni ba. Ba a taɓa yi mata hoto mai kyan wannan ba. Baki a tsuke. Idanu biyu a rufe gam, har da tattare goshi.

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"To. Ga abin da zan kai wa Yaya ranar Lahadi. A rataye ni a wurinsa."

Ta fara tattara ƙyallen. Oikawa bai ɗauke ido daga allon ba. Yana kallon wata 'yar alama a kusurwar hoton, kamar takardu a jere. Ya jawo littafin ya buɗe shafi na uku, ya kalli alamar, ya sake kallon shafin.

"Ja'irin tsoho," ya ce a ƙasan maƙoshi. "Ya kunna ta."

Ya yi mata bayani yana haɗa kalmomi. Ya ce akwai abu ɗaya da Kazami ke da shi wanda sauran biyun ba su da shi, shi ne ma ya sa Tokuo ya yarda da cinikin bakwai a kan ɗaya. Tun ka ɗora yatsa a maɓalli, kafin ka danna, ta fara ɗauka a ɓoye. In ka danna sai ta ajiye wanda ka ɗauka, ta ajiye da na rabin daƙiƙar da ta wuce. Goma sha biyar ne, suna ƙarƙashin wannan. Masu ɗaukar tsuntsaye aka yi wa. Ya tambayi Tokuo ko tsuntsu zai fara bi da tsufansa.

"Ya ce, tawa na san ta. Tana ganin bakin gilashi za ta rufe ido don ta ba ni haushi. Ina son wadda za ta riga ta."

Fusae ta dafa tebur.

Amma Oikawa bai yi murmushi ba. Ya ce kada ta sa rai da yawa. Rabin daƙiƙa ba komai ba ce, in ta riga ta rufe kafin nan, goma sha biyar ɗin duk ɗaya ne. Sannan ya tambaye ta inda tagar take.

"A bayansa."

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya ce ya sani, fuskarta ma ta nuna. Mai hoton kirki haka yake, hasken nasa ne ya ba wa mai zama, shi ya tsaya a duhu. Ko da idon a buɗe yake, mai yiwuwa inuwa kawai za su samu, baƙin mutum a gaban farar taga. Sai dai in farar rigar nan tata ta mayar masa da ɗan haske. Bai yi mata alkawari ba.

"Buɗe," ta ce.

Ya koma baya ɗaya. A rufe.

Biyu. A rufe.

Biyar. Takwas. Goshin ya fara sakewa, amma a rufe.

Goma sha ɗaya. Gashin ido ya rabu kaɗan, kamar bakin ƙofar da ba a ja sosai ba.

Goma sha uku. Rabi.

Saura biyu. Bayan su ba wani Tokuo a duniya sai ƙasusuwan da ke cikin tulu a ɗakinta, su ma ranar Lahadi za su tafi.

Goma sha biyar.

Matar da ke allon ta ɗago kenan, waken na hannunta, ba ta kai ga fushi ba. Idanu biyu a buɗe tar, suna kallon mijinta. A cikin na dama akwai farin taga, a tsakiyar farin akwai wani ɗan abu tsaye.

Oikawa ya fara jawowa. Idon ya cika allo. Ƙwayar ta cika allo.

Fusae ba ta san lokacin da ta runtse nata ba. Ta ji dannawa ɗaya. Ta ji ta biyu. Ta ji kujerarsa ta yi ƙara, ya ja baya. Agogon ya buga ƙarfe uku.

Da ya yi magana, muryar ba irin ta ɗazu ba ce.

"Uwargida," ya ce. "Buɗe idonki mana."